Fintas ɗin Usta Mirgani

Mu mutanen Taraya ba mu taɓa son waƙa ba. Gara in faɗi wannan tun da fari, domin har Nyala an san mu da sunan garin masu jin waƙa, kuma ni Mastura mai shayin tasha ina cikin waɗanda suka jawo mana wannan suna. Abin da muke so ruwa ne.

Rijiyarmu ɗaya ce, ruwanta kuwa gishiri zalla, ko jaki sai ya yi shawara da zuciyarsa kafin ya sa baki. Da damina mukan cika kogon kukokinmu mu toshe, mu riƙa ɗiba a hankali har su ƙare. Daga nan sai kankana, a matse a sha, a yi miya da ita, a wanke wa jariri fuska. In kankana ta ƙare sai a zuba wa layin dogo ido.

Jirgi ma ƙishirwa gare shi, ya ma fi mu. Kan jirgi ba ya motsi sai an tafasa ruwa a cikinsa, shi ya sa yake jan taragonsa na kwal da ruwa a gindinsa. A can bakin Nilu wannan tarago ɗaya ya ishe shi, don duk inda ya tsaya akwai famfo. A layinmu na yamma kuwa, daga rijiyar kirki zuwa wata rijiyar kirki tafiya ce mai nisa, ruwan da ke tsakani kuma irin namu ne, in an ɗura masa sai gishiri ya daskare a tukunyarsa ya toshe ta. Saboda haka ake ƙara masa tanki na biyu a baya, dogo baƙi, muna ce masa fintas. Direbobin bakin kogi sukan yi wa na yamma dariya, wai 'yan ga-ruwa. Mu kam in jirgi ya ɓullo ba ma kallon kansa, ba ma kallon fasinja, fintas muke leƙe.

Ƙa'ida ita ce jirgi ya tsaya a Taraya ya ba ma'aikatan tasha rabonsu, ya wuce. Amma daga nan zuwa Gabbani, inda rijiyar daɗi take, saura kaɗan, kuma kowane direba ya san akwai rara a fintas. Ko ya bayar ko ya hana, wannan tsakaninsa da Allah. Yawancinsu sukan ce a buɗe mana famfo gwargwadon shan kofin shayi ɗaya. Na ƙware wajen ba su shayin da zafinsa ya fi ƙarfin baki, amma direba mutum ne mai maƙogwaron ƙarfe.

Sai aka kawo sabon direba, Usta Mirgani, don a layin nan kowane direba Usta ake ce masa. Mutumin Atbara ne, dogo, mai tumbi kaɗan, gashin bakinsa kullum a gyare ko da hayaƙi ya rine shi. Ranar farko ya sauko ya zauna a bencina, ya nemi gahawa, ya waiwaya ya ce da mai zuba masa kwal, wani shiru-shirun mutumin duwatsu mai suna Tiya, "Buɗe musu har in gama."

Mu duk mun ɗauka gahawar yake nufi. Ashe da ya kurɓa sau biyu sai ya gyara murya, ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya soma:

"Jirgina baƙi ne, baƙinsa na kirki,
Ƙafafunsa da yawa, dukansu na ƙarfe.
Ba ya cin kisra, ba ya shan miya,
Kwal yake ci, ni nake cin kisra."

Wallahi na yi zaton zazzaɓi ne ya kama shi. Baba Daulbait, dattijon garinmu, yana zaune kusa, saboda ladabi kawai ya ce, "Masha Allahu." Usta ya dube shi da murna, ya ƙara wani baitin. Baba ya dubi Usta, ya dubi famfon da ke ta zuba a bayansa, ya sake duban Usta. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Ya miƙe tsaye da ƙafarsa mai ciwo, ya ce da ƙarfi, "Ƙara, Usta! Don girman iyayenka ƙara!"

Ranar har awaki suka sha.

Kafin jirginsa ya sake zagayowa mun tsara aiki. Masu ƙarfi su tsaya baya da garwani da salkuna. Tsofaffi su zauna gaba, kurame a sahun farko tun da su ne abin bai cika cutarwa ba. Inna Bahita aka ba kuka, domin in ta tuna da wata saniyarta da ta mutu shekarar fari hawaye ba ya yi mata wuya. Baba Daulbait shi ke da rawani: in waƙa ta nemi ƙarewa sai ya tuɓe shi ya buga da ƙasa, ya ce, "Ka kashe mu, ɗan Atbara!" Ni kuma nawa tambaya ce. Na gano cewa bayanin baiti ya fi baitin tsawo.

"Usta, da ka ce hayaƙi ya tashi sama, me kake nufi?"

"Af, Mastura 'yar albarka! Ke ce kawai kike kai wa ƙasan magana. Zauna ki ji."

Sai in zauna in ji, garwa takwas ta cika.

Bai bar ƙafar jirgi ba waƙa ba, bai bar usur ɗinsa ba, akwai wata doguwa a kan man shafa wa ƙarafa wadda har yau in na tuna ta kaina kan sara. Amma a shekarun nan ba wanda ya binne yaro saboda ƙishirwa a Taraya, kuma mata sun wanke tufafi da ruwan da sabulu ke kumfa a ciki. Tsoronmu ɗaya ne, kada ya gane. Yaron da ya yi dariya a sahun gaba, uwarsa kan ja shi bayan tasha ta gyara masa zama. Fasinjoji kan leƙo ta taga su ga gari guda yana kuka a gaban direba, su kai labari gaba. Haka muka yi suna.

Ban ƙi mutumin ba, kada a ce na ƙi shi. Yakan kawo mini ganyen shayi mai kyau daga Kosti, bai taɓa karɓar komai ba. Wata rana yana shan gahawa ya rage murya ya ce mini, "Kin san a gidana ba a bari in kai baiti na biyu? Matata sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. A Atbara kuwa in na shiga kulob ɗin ma'aikata sai kowa ya tuna bai yi salla ba. Nan kaɗai nake mutum, Mastura." Na ce masa ai mutanen birni ba su da kunne. Na ji nauyin maganar a bakina, amma a bayansa ina hango ƙanwata tana cika salka ta uku.

Shekarar da abin ya ɓaci, damina ta yi mana rowa. Kukoki ba su cika rabi ba, kankana ta ƙone tun tana yabanya. Ranar da jirgin Usta ya iso, har mutanen ƙauyukan nesa sun zo da jakunansu, aka koya musu inda ake cewa ƙara. Bai taɓa ganin taro irin wannan ba. Ya hau kan bencina da takalmansa, ya buɗe baki.

Can Tiya ya baro famfo ya zo ya tsaya gefensa. "Usta, fintas ya yi ƙasa."

Baba Daulbait ya buga rawani da ƙasa. Inna Bahita ta ƙwala ihu. Usta ya kore Tiya da hannu.

Tiya ya sake dawowa, wannan karon har ya riƙe masa gefen wando. "Usta, ba za mu kai Gabbani ba."

"Kai, ɗan duwatsu, kana ganin mutane suna kuka kana yi mini maganar ruwa?"

Ni na san Tiya ba ya magana sau biyu a banza. Na dubi layin jakunan da ba su samu ba tukuna, na dubi Usta, na ce, "Baitin nan na tsakiya, Usta, ban gane shi ba."

Jirgin bai kai Gabbani ba. Ruwa ya ƙare a tsakiyar yashi, dole suka zubar da wutar kada tukunya ta fashe, fasinjoji suka kwana suka wuni a ƙarƙashin taragai har aka aiko wani kan jirgi ya ja su. Ba wanda ya mutu, amma a cikinsu akwai wani babba da iyalinsa, kuma babba ba ya manta ƙishirwa. Aka kira Usta gaban manya. Tiya ya ba mu labari daga baya, wai da aka tambayi Usta dalili sai ya ɗaga kai ya ce, "Jama'a ne suka hana ni yin shiru." Aka sallame shi daga aiki, Tiya kuwa aka bar shi a jirgin.

Mun yi baƙin ciki ƙwarai, har Inna Bahita ta yi kuka ba tare da ta tuna saniya ba. Muna cikin tunanin wa zai buɗe mana famfo, sai ga Usta Mirgani ya sauko daga taragon fasinja da akwatin ƙarfe da gadon igiya a ɗaure. Ya tsaya a gaban rumfata ya buɗe hannuwa.

"Na dawo gida, Mastura. Mutum ya ƙarasa kwanansa inda aka san darajarsa."

Baba Daulbait ya rungume shi, ta kan kafaɗarsa ya dube ni da idon wanda aka taka wa ƙafa a masallaci. Aka ba shi ɗaki kusa da kukar gidan Baba. Ga mu da mawaƙi, ba fintas.

Kowace la'asar yakan fito gindin kukar ya gyara murya. Makon farko mun je da yawa, kunya ta kai mu. Mako na biyu sai kurame. Na bi gida gida ina zagi: "Ku da kuka sha ruwan mutumin nan har kuka yi ƙiba, yanzu kunnenku ya yi tsada?" Wasu su zo, su zauna suna gyangyaɗi. Shi kuwa yakan nemo musu uzuri da kansa. "Ƙishirwa ce, Mastura. Mai ƙishirwa ba ya jin daɗin magana." Na ce haka ne. Abin da ya taimake mu, ranar jirgi ba ya zuwa tasha, wai ba zai iya ganin wani a kujerarsa ba. Rabonsa na ruwa ni nake kai masa.

Sabon direban, Usta Karrar, ɗan siriri ne mai ɗaure fuska. Shayi ɗaya, ya ce a rufe. Mun gwada shi da waƙa, ya dube mu kamar mahaukata. Mun gwada ƙwallo, mun gwada siyasa, ba abin da ya motsa shi. Baba Daulbait ne dai ya lura in zai hau jirgi yakan dafe kwiɓi.

"Usta, lafiya kuwa? Na ga kana riƙe gefe."

Fuskar mutumin ta buɗe. Ashe an taɓa tsaga shi a Hartum an ciro masa tsakuwa daga ƙoda, kuma tsakuwar tana cikin wata 'yar kwalba a aljihun rigarsa. Tun da aka yi aikin bai sami wanda ya saurari labarin har ƙarshe ba. Ya ce da Tiya ya bar famfon tukuna.

Muka koma bakin aiki, kowa da matsayinsa. A gaskiya ma tsakuwa ta fi waƙa sauƙi, don ita tana da farko tana da ƙarshe, kuma akwai wurin da ake ɗaga riga a nuna tabo.

Ranar da nake tsoro ta zo ba sallama. Usta Karrar yana tsaye a kan bencina da kwalba a sama, ya kai inda likita ya ce a kawo wuƙa. Inna Bahita tana sheƙa kuka. Ni kuma na tambaya, "Usta, da likita ya ce maganin barcin bai kama ba, me yake nufi?" Baba Daulbait ya tuɓe rawani ya buga da ƙasa.

"Ka kashe mu, ɗan Hartum! Ƙara, don girman iyayenka ƙara!"

Da na ɗaga kai sai na ga Usta Mirgani a tsaye a ƙarshen dandamali. Ya sa fararen kayansa, ga alama ya zo gaida Tiya ne, ko kuwa zuciyarsa ce ta kasa haƙuri da rashin ganin jirgin. Ya dubi rawanin a ƙasa. Ya dubi kuramen sahun gaba suna kaɗa kai. Daga nan ya juya a hankali ya dubi inda bai taɓa duba ba duk shekarun da ya yi yana hawa bencina, wato bayan mai magana, inda layin garwani ya miƙe daga famfo har gindin kuka. Tiya ya sunkuyar da kai.

Na ce yau za a yi ta. Zai zage mu, ko ya faɗa wa Karrar, famfo ya rufe har abada. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tsaya har jirgi ya yi usur ya tashi, sannan ya koma ɗakinsa. La'asar ta yi, ba a ji gyaran murya a gindin kuka ba. Gari ya yi ajiyar zuciya, ni kuwa na kasa cin abinci.

Jirgi na gaba, sai ga shi da garwa a hannu kamar kowa. Ya miƙa wa ƙanwata garwar ya ce ta riƙe masa layi, ya zo ya tsaya gaban Baba Daulbait.

"Baba, ku sa ni a sahun gaba."

"Haba, Usta, ai..."

"Ku sa ni a gaba. Na fi ku sanin abin da mutum yake son ji in yana tsaye a can."

Kuma ya fi mu ɗin. Ya san inda Karrar zai ja numfashi, ya san inda zai so a ce masa "a'a, ba zai yiwu ba." Ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta a rana ya ce bai taɓa ganin tsakuwa mai kwarjini irin wannan ba. Tambayoyinsa suka kashe mini kasuwa. Abu ɗaya ya ƙara a tsarinmu: in ya ga Tiya ya taɓa hularsa, alamar fintas ya yi ƙasa, sai ya miƙe ya ce, "Usta, bar mana sauran sai wani zuwan, kada daɗi ya kashe mu." Jirgin Karrar bai taɓa kasa kai Gabbani ba. Mutane suka ce ashe mutumin yana da amfani, suka soma sonsa da gaske, shi kuwa ya rame, gashin bakin ya bar gyaruwa.

Bai ƙara yi wa kowa waƙa ba. In jirgi ya tashi yakan zauna a ƙarshen bencina da garwarsa a gefe, ya sha gahawa, ya kalli dogo. Ba mu taɓa tada maganar ba. Sau da yawa na buɗe baki, sai in ga ba ni da abin da zan ce wanda ba zai yi kama da aikina na dā ba.

Wata hantsi bayan jirgi ya wuce, tasha ta watse, ina wanke kofuna a bayansa. Fintas ɗin yana ɗan yoyo, ya bar ɗigo a jere tsakanin ƙarafan dogo, rana tana shanye su. Sai na ji yana magana ƙasa ƙasa, ba ɗaga hannu, ba gyaran murya, bai ma san ina ji ba:

"Na ja ruwa a bayana shekara da shekaru,
Idona a gaba, ban waiwaya ba.
Da na waiwaya in ga abin da na bari,
Rana ta riga ni, yashi ya bushe."

Kofin ya tsaya a hannuna. Ni da na binne miji ban yi kuka a gaban mutane ba, sai ga hawaye yana zubo mini. Na tuna mijin, na tuna shekarun da na yi ina hura wuta a rumfar nan, na rasa abin da zan nuna. Ban san lokacin da maganar ta fita ba.

"Ƙara, Usta."

Ya juyo ya dube ni. Babu fushi a fuskarsa. Ya dubi tulun da nake wanke kofuna da shi, ya ga ya yi ƙasa. Ya miƙe, ya ɗauki garwarsa, ya tsiyaya mini rabin ruwansa a ciki, a hankali, kada ya zube.

"Ba wannan nake nufi ba," na ce. "Wallahi, Usta, ba wannan nake nufi ba. Waƙar nake so."

"Na sani, Mastura 'yar albarka," ya ce. "Ke ce kawai kike kai wa ƙasan magana."

Ya ɗaga garwar ya ga saura, ya ƙarasa juye mini duka, ya ɗauke ta fanko ya nufi gida.